Roba-roba mai hayaƙi: ringi za a canza ko bulok 125 za a ɗora?

Dan_Kurna
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da mashin roba-roba 110, shekara huɗu ke nan yana hannuna. Shi nake hawa kullum daga Kurna zuwa Kwari, da safe kuma sai na sauke yara biyu a makaranta. Wata biyu ke nan ya fara hayaƙi, bakin mai kuma duk sati sai na ƙara. In na zo hawan gada da mutum a baya sai na dawo giya biyu, abin da a da nake haye wa da uku ba gargada. Bakanikena ya ce tunda dai buɗe injin za a yi, gara kawai a ɗora masa bulok (gidan da fistin ke hawa da sauka a ciki) da fistin na 125, ya ƙara ƙarfi gaba ɗaya. Wani abokina kuma ya ce kada in kuskura, ringi (zoben da ke jikin fistin) kawai zan canza. Masu sani a taimaka min, kuɗin ba yawa ne da su ba, ba na so in kashe sau biyu.

Oga_Sipana
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kai ga maganar 125, wane irin hayaƙi ne? Shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai, ko baƙi mai yaji a ido? Kuma yaushe yake yi: da safe in ka tayar ne kawai ya ɗauke, ko duk sanda ka murza totur?

Dan_Kurna
Shuɗi ne Oga. Da safe ya fi yawa, har maƙwabcina yana tsokanata wai ina kore masa sauro kyauta. In ya ɗau zafi yana raguwa amma ba ya ɗaukewa duka.

Oga_Sipana
To ka ga abu biyu ne ake zargi, ba ɗaya ba. Hayaƙin safe da ke raguwa in inji ya yi zafi, yawanci sil ɗin bawul ne, wato 'yar robar da ke tare mai a jikin bawul, ya bushe ya taurare, mai yana tsiyaya ta jikin bawul cikin dare ya taru, in ka tayar ya ƙone. Wanda kuma ba ya ɗaukewa, yana ƙaruwa in ka ba shi wuta, wannan ringi ne ko jikin bulok ya cinye. Naka alama duka biyun sun haɗu, kuma raguwar ƙarfin nan tana nuna ringi. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: cire filogi, toshe ramin da babban yatsa, wani ya buga kik. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. In ka ji iskar laƙwas, ɗiga bakin mai kamar ƙaramin cokali a ramin ka sake bugawa. Ya dawo da ƙarfi, ringi ne, don man ya toshe gibin na ɗan lokaci. Bai canza ba, ta bawul iskar ke gudu.

Yaro_Mai_Wuta
A ɗora 125 kawai a huta. Ni na ɗora wa nawa, na sa akwatin wuta na CDI irin na tsere, na fasa salansa. Yanzu ko mai babban mashin sai dai ya ga ƙurata a titin Zariya.

Baban_Hanifa
Ashe ku ne kuke hana mu barci bayan isha'i. Allah ya shirye ka ɗana.

Yaro_Mai_Wuta
Amin Baba, amma gaskiya mashin ya tashi.

Malamin_Lissafi
Bari in ɗan sa baki a kan sunan nan na 125, don a nan ake yawan ruɗar mutane. Girman inji abu biyu ne ke yin sa: faɗin fistin da tsawon tafiyarsa sama da ƙasa. Irin injin nan da muke ce wa 110, faɗin fistinsa milimita 52.4 ne, tafiyarsa 49.5. In ka lissafa 107 yake bayarwa, an dai cike sunan ne. To babban bulok ɗin da ake sayarwa a ɗora, da yawansu fistin 54 ne. Tafiyar fistin kuwa kiranshaf ne, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, ke yanke ta, kuma kai ba ka taɓa kiranshaf ba, tana nan a 49.5. Ka buga 54 da 49.5, abin da za ka samu 113 ne. Wato ka ƙaru da shida kacal. Injin da ke kaiwa kusan 125 da gaske, kiranshaf ɗinsa ma daban ne, irin mai 54 da 54, wanda ke ba da 124. Saboda haka Dan_Kurna ka tambayi bakaniken naka: bulok kawai zai canza ko har kiranshaf? In bulok ne kawai, 125 ɗin a jikin kwali ta tsaya.

Dan_Kurna
Ikon Allah. Bulok da fistin da ringi kawai ya ce min, Malam.

Yaro_Mai_Wuta
Lissafi daban, titi daban. Ni da na hau na ji bambanci.

Oga_Sipana
Za ka ji bambanci mana, ƙanena. Ka cire fistin da ya gaji ka sa sabo. Ko na asalin girmansa ka sa za ka ji ya tashi. Sauran kuma ƙarar salansa ce ke gaya wa kunnenka kana gudu.

Alhaji_Mai_Besfa
Ni dai duk wannan rigimar ta bawul da tayimin cen ba ta shafe ni ba. Vespa nake hawa tun kafin a haifi wasunku, kuma har gobe ita ce. Injinta ba bawul irin naku, ba tafet, ba cen. Hayaƙi kuwa ɗabi'arta ce, don da man 2T ake haɗa fetur ɗinta, kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 20 a kowace lita. Abin da take nema a wajena shi ne lokaci-lokaci a kwance kan injin a kankare baƙin da ya taru a bakin fitar hayaƙi da cikin salansa, a duba wayoyin giya guda biyu da ta kuloci. Ga tayar safiya a jikinta, in na yi faci a hanyar Dawanau ba na neman kowa. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yin ta a 1946, samfurin PX da muka fi sani ya fito a 1977, Indiya ma Bajaj sun yi tasu mai suna Chetak a kan tsarinta. Ku yaran yanzu kun bar ƙarfe kun koma roba.

Baban_Hanifa
Alhaji an tambayi hanyar Gwarzo kana ba da labarin Makka. Amma ka yi gaskiya, tana da ƙarko. Sai dai ka faɗa musu yadda take shan mai tun da aka cire tallafi a 2023.

Alhaji_Mai_Besfa
Wannan kuma tsakanina da aljihuna ne, Malam.

Malamin_Lissafi
Alhaji, robar nan ma tana da asali. Kwantaccen injin da ke cikinta tsarin Super Cub ne na Honda, wanda ya fito a 1958, kuma a 2017 kamfanin ya cika guda miliyan 100 da ƙerawa. Kamfanonin Sin a kan wannan tsarin suka ɗora nasu, shi ya sa kayan wannan ke shiga jikin wancan. Tsakaninsa da Vespa ta farko shekara goma sha biyu ne kawai.

Sani_Panteka
Mu dawo kan mai tambaya. Ni sana'ata ke nan a Kaduna, kuma abin da nake gani kullum shi ne mutum ya canza fistin da ringi, bayan wata uku ya dawo da hayaƙin, ya ce kayan jabu aka sa masa. Wani lokaci jabun ne, ba na musu. Amma sau da yawa abin da ya cinye na farkon yana nan ba a taɓa shi ba. Dan_Kurna, yaushe rabonka da buɗe iyakilina, wato akwatin da soson tace iska yake ciki? Mu nan arewa ƙura ce ajalin inji. Lokacin hunturu in soson nan ya yage, ko robar da ta haɗa shi da kafireto ta tsage, ƙura tana shiga kai tsaye, ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa tana goge bulok. Wasu ma da gangan suke cire soson wai mashin ya sha iska. Ka ga ko bulok na zinare ka ɗora, hanya ɗaya za su bi.

Soson nan wanke shi ake yi da kananzir, a matse ba a murɗe ba, ya bushe, a ɗiga masa bakin mai kaɗan a sake matsewa. Man nan shi ke kama ƙurar. Busasshen soso rabin aiki yake yi.

Dan_Kurna
Wallahi Malam Sani ba zan yi maka ƙarya ba, ban san ranar da aka buɗe shi ba. Juye kawai nake yi.

Sani_Panteka
To juyen ma, gora nawa ake zuba maka?

Dan_Kurna
Gora ɗaya ta lita, a juye ta duka.

Sani_Panteka
Ka ji wata kuma. Injin nan a juye bai cika cin lita ba, wajen 0.8 yake ɗauka. In aka cika shi fiye da ƙima, man yana yin kumfa, yana turawa ta bututun numfashi, yana matsa wa sil, shi kansa yana iya kawo hayaƙi. Kafe mashin a kan jaki biyu a wuri mai daidai, goge sandar awo, saka ta ba tare da ka ɗaure ba, ka ciro ka duba. Tsakanin layi biyun nan ake so. Ragowar man ka tafi da abinka gida.

Hadiza_Damagaram
Sannunku da aiki. Ni tawa moto ba mai giya ba ce, irin mai bel ce da ake murzawa ta tafi, mu mata nan Zinder ita muka fi hawa zuwa aiki. Abin da kuke ce wa filogi mu buji muke cewa, juye kuma bidanj. Tambayata, tunda ana maganar mai: mai gyarana man mota yake zuba mini, shekara biyu ban ga matsala ba. Amma na ji ana cewa yana kashe moto. Wanne ne gaskiya?

Yaro_Mai_Wuta
Mai ai mai ne Hajiya.

Oga_Sipana
A'a, ba haka ba ne. Hajiya, taki da tasa ba ɗaya ba ne. A roba-roba mai giya, kuloci a cikin bakin mai yake wanka, mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci. Wasu mayukan mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, shi ke sa kuloci ya riƙa zamewa: ka ba shi wuta inji ya yi kuka, tafiya ba ta ƙaru ba. Shi ya sa mai irin wannan mashin zai duba bayan gora ya ga an rubuta JASO MA, kaurin kuma a zafin ƙasarmu 20W-50 ne aka fi amfani da shi. Taki kuwa kulocinta a bushe yake, yana can baya wajen bel, bakin mai ba ya taɓa shi, shi ya sa ba ki ga komai ba. Abin da masu irin taki ke mantawa shi ne akwai wani ɗan mai daban a giyar baya, kusa da taya, yana da nasa noti na juyewa. Sannan a riƙa buɗe murfin bel ana kaɗe ƙura, a duba bel ɗin ko ya fara tsagewa, da 'yan rololin nan shida na gaba. In suka yi gefe-gefe maimakon zagaye, za ki ji tana fizga in za ta tashi.

Hadiza_Damagaram
Wallahi tana fizgar nan. Man giyar baya kuwa yau na fara jin labarinsa. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Dan_Acaba_Na_Da
Ni na yi acaɓa a Kano har zuwa 2013 da aka hana ɗaukar fasinja, na kashe injina da yawa da hannuna kafin in yi hankali. Na taɓa ɗora babban bulok ɗin nan. Wata na farko daɗi. Amma kafireto na nan da jet ɗinsa na da, wato 'yar kafar da fetur ke bi, fistin ya ƙaru, fetur ɗin da ke shiga bai ƙaru ba, sai inji ya riƙa zafi kamar kaskon tuya. Ranar da na ɗau hanyar Wudil da rana tsaka, ina cikin tafiya sai na ji ya riƙe, tayar baya ta ja ƙasa. Allah ne ya tsare, babu mota a bayana. Da aka buɗe, fistin ya kama jikin bulok. Na cire filogi na gan shi fari fat kamar alli. Tun daga ranar na koyi karanta filogi: ruwan ƙasa kamar shayi da madara shi ne lafiya, baƙi busasshe fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo yana shan bakin mai, fari kuma ka tsaya, gobara ce ke tafe. Gyaran gangar Auzinawa na yi, na sayi bulok sau biyu.

Yaro_Mai_Wuta
To ai laifin mai gyaran ne da bai canza jet ba, ba laifin bulok ba.

Dan_Acaba_Na_Da
Na yarda. Amma ka ga lissafin ya tashi daga bulok ya koma bulok da jet da wanda ya iya saitawa. In an ƙara jet kuma an ƙara shan mai. Mutumin da ke kai yara makaranta me zai yi da wannan?

Maman_Ihsan
Ni ba makanikiya ba ce, mashin ɗin maigidana ne, amma ni nake jin jiki in ya lalace don kuɗin cefane ake taɓawa. Wancan watan an yi masa ringi, washegari ya ɗora buhun masara ya tafi ƙauye. Sati biyu hayaƙi ya dawo. Shi ya ce bakanike ne, bakanike ya ce shi ne. Ku raba mana gardama.

Sani_Panteka
Hajiya kowa na da kasonsa. Sabon ringi sai ya zauna da jikin bulok. Kilomita 500 na farko ba a cika masa totur, ba a ɗora masa kaya mai nauyi, ba a kuma riƙe shi a gudu ɗaya na dogon lokaci, sannan a juye man da wuri don garin ƙarfen da ya goge ya fita. Wannan na maigida ne. Na bakanike kuma: in bulok ya riga ya cinye ya yi ciki, ko farcenka yana maƙalewa a zanen da ke jikinsa, sabon ringi ba zai toshe ba. Sai dai a kai a rarake shi zuwa girma na gaba, ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistin da ringi na wannan girman. Wajen ɗaurawa kuma bakin ringin kowanne a juya shi gefe daban, kada su yi layi ɗaya, kuma rubutun IN da ke kan fistin ya kalli ɓangaren kafireto. Na sha buɗe inji in tarar an juya shi.

Maman_Ihsan
To zan karanta masa rabin da ya shafi bakanike, ɗaya rabin sai ya ci abinci tukuna.

Baban_Hanifa
Hahaha. Hajiya kin iya zama da mutane.

Kumasi_Zango_Boy
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan Suame Magazine ake kai irin wannan aikin raraka, akwai masu injin da ba abin da suke yi sai shi. Shawarata ga mai tambaya, in ƙarfin hawa yake nema ba gudu ba, akwai hanya mai arha da ba a buɗe inji. Yawancin mashinan nan suna zuwa da sufuroket mai haƙori 14 a gaba, 36 a baya. Ka mayar da na baya 38, zai ƙara ja wajen tashi da hawa, sai dai gudun ƙarshe ya ɗan ragu. Masu doguwar hanya su kuma na gaba suke mayarwa 15, inji ya huta, mai ya ragu, amma da kaya a baya za ka ji ya yi sanyi. Kuma in za ka canza, canza su duka uku da cen, tsohon cen yana cinye sabon haƙori.

Malamin_Lissafi
Daidai ne. 36 zuwa 38 ƙarin kusan kashi biyar da rabi ne cikin ɗari a ƙarfin ja. 107 zuwa 113 ma kusan hakan ne. Ku kwatanta kuɗin biyun.

Yaro_Mai_Wuta
Malam kai komai sai ka kawo alli da allo. Ni dai ban yi nadama ba.

Oga_Sipana
Wata nawa da ɗorawa?

Yaro_Mai_Wuta
Na shiga na uku.

Oga_Sipana
To mu haɗu bayan zafin Afrilu.

Gwani_Tudun_Wada
Ni ina da ra'ayi daban kaɗan. Ba kowane babban bulok ne sharri ba. In an samu mai kyau, aka daidaita jet, aka bi shi a hankali, yana yin shekaru. Matsalar ita ce a kasuwa kwali iri ɗaya ne, abin ciki kala uku, kuma hannun riga na cikin wasu, wato bututun ƙarfen da fistin ke bi, siriri ne don an rarake shi ya kai 54, ba ya jure zafi. A wasu injinan ma sai an ci bakin kesin kafin ya shiga, in aka ci kuwa ba komawa. Wanda zai saya ya tafi da tsohon nasa a hannu, ya gwada tsayi da ramukan noti da kaurin fin ɗin fistin a gaban mai shago. Ni in nawa ne, in dai bulok na asali bai wuce raraka ba, ba zan yar da shi ba. Ƙarfen da ya zo da mashin ya fi yawancin abin da za ka saya a kwali.

Abu ɗaya da ban ga an ambata ba: saitin tafet, wato 'yar tazarar da ake bari a kan bawul. In an ɗaure kai, a saita shi da inji a sanyaye, milimita 0.05 da fila-geji, wato ma'aunin tazara, ba da kunne ba. Masu mashin suna son a ɗaure shi tsam don kada su ji ƙas-ƙas, alhali wanda ya yi shiru ɗin shi ke hana bawul rufewa har ya ƙone. Sannan tunda an zubar da mai, a buɗe murfin dama a wanke 'yar ragar tace mai da kwanon da ke wajen kuloci, inda dattin ke taruwa kamar kwalli. Akwai mashin da tun daga kwali ba a taɓa buɗe masa wurin ba.

Dan_Kurna
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Yau da yamma na je garejin, na tsaya a kansa aka yi gwajin Oga_Sipana. Da aka ɗiga mai ƙarfin ya dawo sosai. Muka buɗe iyakilina, Malam Sani kamar kana wurin: soson ya ruɓe, rabinsa ya zama gari, akwatin cike da jar ƙasa. Aka cire kai, sil ɗin bawul ɗaya ya taurare kamar busasshiyar fata. Bulok yana da zane guda biyu, farce yana ɗan kamawa a ɗaya. Bakaniken ya ce 0.50 zai share shi, amma har yanzu yana cewa kuɗin raraka da fistin ya kusa kuɗin sabon babban bulok, me zai hana. Na ce masa 113 ne ba 125 ba, ya kalle ni ya ce wa ya gaya min.

Sani_Panteka
Kada a yanke 0.50 da ido. A kai wa mai raraka ya auna, in 0.25 zai fitar da zanen a tsaya a nan, ka bar wa kanka na gaba. Kuma ka sayi fistin ɗin tukuna ka kai masa tare, da shi zai auna.

Gwani_Tudun_Wada
In farce na kamawa da wuya 0.25 ta ishe shi. Amma a auna ɗin.

Alhaji_Mai_Besfa
Ko kuma ka sayar ka zo in raka ka wajen masu Vespa.

Dan_Kurna
Alhaji yara biyu da jakunkunansu a ina zan zuba su? Gobe Juma'a mai rarakar ba ya buɗewa sai bayan masallaci, zan kai masa in ji abin da zai ce. Kumasi_Zango_Boy, in na sa 38 ɗin a baya, cen ɗin da ke kai zai kai ko sai an ƙara masa tsawo?